John Thompson, Kocin da Ya Ƙi a Rufe wa 'Ya'yan Talakawa Ƙofar Jami'a

Daren 29 ga Maris, 1982, mutum fiye da 60,000 suka cika filin Superdome na birnin New Orleans don kallon wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka. Jami'ar Georgetown na gaba da maki ɗaya, sai wani ɗan aji ɗaya na Jami'ar North Carolina, mai shekara 19, ya yi tsalle daga gefen hagu ya jefa ƙwallo ta faɗa kwando. Michael Jordan ke nan, tun duniya ba ta san shi ba. Maki ya koma 63 da 62, saura daƙiƙa kusan 15 a tashi, lokacin da ya ishi Georgetown ta rama. Ɗan wasanta Fred Brown ya ɗauko ƙwallo ya tsallako tsakiyar fili, ya ɗaga kai yana neman wanda zai ba, ya ga gilmawar mutum ta damansa ya tura masa. Ashe James Worthy ne, ɗan wasan abokan karawa. A nan kofi ya kuɓuce.

Da aka hura tashi, kocin Georgetown, wani ƙato mai tsawon mita 2 da santimita 8, da farin tawul rataye a kafaɗa, ya taka zuwa wurin Brown ya rungume shi, ya sunkuya yana yi masa magana a kunne. Bai daka masa tsawa ba, bai juya masa baya ba, ga kuma kyamarorin talabijin na haska su. Sunan kocin John Thompson, kuma 'yan jaridar wasanni na lokacin sun fi saninsa da ɗaure fuska da kaifin harshe.

Sai an san yadda harkar take a Amurka kafin a gane nauyin kujerar da yake kai. A can, hanyar zama ƙwararren ɗan ƙwallon kwando ta cikin jami'a ta bi. Yaro zai yi fice a sakandare, kociyoyin jami'o'i su riƙa sintiri gidan iyayensa, wanda ya yi nasarar shawo kansu ya ba shi gurbin karatu kyauta: kuɗin makaranta, ɗakin kwana, abinci da littattafai. Shi kuma yaron ya yi wa jami'a wasa. Hukumar NCAA ce ke tsara dokokin, ita ce kuma ke shirya gasar watan Maris ta sili-ɗaya-ƙwale da ke kawo mata maƙudan kuɗi daga gidajen talabijin. A zamanin Thompson ba a biyan ɗan wasa ko sisi, karatun shi ne ladansa. Jami'o'in da ke babban rukuni sun haura 300, amma NBA, babbar gasar ƙwararru, 'yan wasa 60 kacal take zaɓa a shekara, ciki har da na ƙasashen waje. Ke nan mafi yawan yaran nan, in shekara huɗu ta cika, takardar digiri ce kawai abin da za su fita da shi, idan ma sun same ta. Kociyoyi da dama sun sha cin moriyar yaro su sallame shi hannu wofi. Wannan shi ne cinikin da Thompson ya shiga, da idonsa a buɗe.

An haife shi ranar 2 ga Satumba, 1941, a birnin Washington, ya tashi a gidajen gwamnati na marasa ƙarfi a unguwar Anacostia, lokacin wariyar launin fata na nan daram a babban birnin Amurka. Mahaifinsa lebura ne da bai iya karatu da rubutu ba. Mahaifiyarsa ta yi karatun koyarwa, amma aikatau ta ƙare da yi a gidajen mutane. Shi kansa John karatu ya yi masa gardama a firamare, har makarantar Katolika da yake zuwa ta yanke cewa ƙwaƙwalwarsa ba ta ja. Daga baya aka gane idonsa ne ba ya ganin allo da kyau, kuma sai da wata malama a makarantar gwamnati ta zauna da shi kafin karatu ya zauna masa. Duk abin da ya yi daga baya game da jarrabawa da gurbin karatu, ina ganin daga wannan ajin ya samo asali. Ya san yadda ake ji idan manya suka yanke wa yaro hukunci tun bai buɗe baki ba.

Tsawo da ƙwallo suka kai shi Kwalejin Providence, ya gama a 1964, ƙungiyar Boston Celtics ta ɗauke shi. Shekara biyu ya yi a can, ya ci kofin NBA sau biyu, galibi daga benci, domin Bill Russell ne ke riƙe da gurbin da yake bugawa. A 1966 ya ajiye wasa ya koma gida, ya karɓi horar da 'yan wasan wata ƙaramar sakandaren Katolika mai suna St. Anthony, inda ya ci wasa 122 aka cinye shi 28.

Georgetown ta kira shi a 1972. Jami'a ce ta limaman Katolika 'yan ɗarikar Jesuit, an kafa ta a 1789, makarantar 'ya'yan masu hali, kusan dukansu fararen fata. A 1838 limaman da ke tafiyar da ita sun sayar da bayi 272 don biyan bashin da ya kusa durƙusar da ita. Ƙungiyar da aka damƙa wa Thompson kuwa wasa 3 ta ci a kakar da ta gabata, aka lallasa ta sau 23. Mutum na farko da ya ɗauka aiki ba mataimakin koci ba ne. Wata mata ce, Mary Fenlon, tsohuwar 'yar zuhudun Katolika, aikinta bin diddigin karatun 'yan wasa: wa ya shiga aji, wa ya yi fashi, wa bai miƙa aikin gida ba. A kan benci take zama ranar wasa, tare da kociyoyi, ta kuma zauna da shi har ƙarshen aikinsa. A kan teburin ofishinsa kuma ya ajiye ƙwallon kwando da aka sace wa iska, ta lotse. Duk ɗan wasan da ya shigo sai ya gan ta, kuma saƙon a fili yake: wata rana iskar za ta fita, ko ta ciwon gwiwa ko ta tsufa, me ka tanada?

Ba a karɓe shi hannu bibbiyu ba. A 1975, ƙungiyar na fama da rashin nasara a jere, wani ya sako ƙyalle a cikin zauren wasan jami'ar, ɗauke da zagin nan mafi muni da ake yi wa baƙar fata a Amurka, yana cewa a kori kocin. 'Yan wasansa suka fito suka kare shi gaban 'yan jarida. A wannan kakar ce Georgetown ta shiga gasar NCAA, karo na farko tun 1943.

Zuwan Patrick Ewing a 1981 ya sauya komai. Haifaffen Jamaika ne da ya yi sakandare a jihar Massachusetts, dogo mai ƙafa bakwai, wanda kowace babbar jami'a ke zawarci. Ya zaɓi Thompson. Abin da yaron ya gani a filayen abokan hamayya abin kunya ne: kwalaye masu cewa bai iya karatu ba, hotunan biri, har ɓawon ayaba an taɓa jefowa cikin fili. A wani wasa a Providence, makarantar da shi Thompson ya gama, sai da ya janye 'yan wasansa daga fili ya ce ba za a ci gaba ba har a sauke wani kwali. Daga irin wannan ne ya ƙara ƙulle ƙofa. Ba a kallon atisayensa. 'Yan aji ɗaya ba sa hira da 'yan jarida a watanninsu na farko. In an je gasa, ya kan kama masauki nesa da gari. A 1982 ma a Biloxi ta jihar Mississippi ya sauke su, alhali a New Orleans ake wasan. 'Yan jarida suka ce tsoron inuwarsa yake ji, suka yi ta rubuta cewa ƙungiyarsa 'yan daba ce. Gaskiya ne wasansu da ƙarfi yake, matsi ne daga wannan kwando zuwa wancan ba numfashi, an kuma sha ba hammata iska a fili. Amma wanda ya karanta abin da ake rubutawa a kan waɗancan kwalaye ba zai yi mamakin uban da ya ja labule ya kare 'ya'yansa ba.

Ranar 2 ga Afrilu, 1984, a birnin Seattle, Georgetown ta doke Jami'ar Houston da maki 84 da 75 ta ɗauki kofi. Tauraron Houston a daren shi ne Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, wanda bayan 'yan watanni ya zama zaɓin farko a NBA. Fred Brown na nan a ƙungiyar, yana shekararsa ta ƙarshe, kuma da aka fito da shi daga fili gab da tashi, Thompson ya sake rungume shi. Da wannan nasara ya zama baƙar fata na farko da ya ci kofin babban rukunin jami'o'i a matsayin koci. Bai taɓa son a yi masa wannan kirari ba. Tun a 1982 da aka tambaye shi yadda yake ji a matsayin koci baƙar fata da ya kai wannan mataki, ya nuna ɓacin ransa, ya ce tambayar na nufin kamar shi ne baƙin mutum na farko da ya cancanta, alhali an yi waɗanda suka cancanta kafin shi, dama ce aka hana su. Yana da hujja. John McLendon, wanda ya koyi wasan a hannun James Naismith da ya ƙirƙiro shi, ya ci kofin ƙasa na ƙananan kwalejoji sau uku a jere daga 1957 zuwa 1959 da wata jami'ar baƙaƙe a Tennessee. Clarence Gaines ya ci wasa sama da 800 a Jami'ar Winston-Salem. Babu babbar jami'ar da ta ba ɗayansu irin kujerar da Thompson ya samu a lokacin da suke ganiyarsu.

Shekarar da ta biyo sun sake kai wa wasan ƙarshe, kowa na ganin kofin nasu ne, sai Jami'ar Villanova ta yi wasan da ba a taɓa gani ba, ta jefa 28 ta ci 22, ta yi nasara da 66 da 64. Thompson bai sake kai wa wannan mataki ba.

Babban abin da ya yi, a ganina, ba a wasan ƙarshe ya yi shi ba. A 1983 NCAA ta zartar da wata doka da aka sani da lamba 48, ta fara aiki a 1986. Dokar ta ce duk ɗan wasan da zai buga a shekararsa ta farko sai ya fito sakandare da matsakaicin sakamako a muhimman darussa, sannan ya sami maki 700 cikin 1,600 a jarrabawar SAT, ko 15 a ACT. Jarrabawowin share fagen shiga jami'a ne, kusan matsayin JAMB a Najeriya. Wanda ya cika sharaɗi ɗaya ya gaza ɗaya, ana iya ba shi gurbin karatu kyauta, ya zauna shekara guda ba wasa, ya gyara karatunsa. A watan Janairun 1989 taron hukumar ya ƙara wata doka, mai lamba 42, da ƙaramin rinjaye. Ita kuma ta ce irin wannan yaro ba za a ba shi tallafin ba sam a shekarar farko; in yana son shiga jami'a ya biya daga aljihunsa. Yaran da abin zai shafa mafi yawansu baƙaƙe ne 'ya'yan talakawa, waɗanda ko kuɗin zango ɗaya iyayensu ba za su iya haɗawa ba.

Ranar 14 ga Janairu, 1989, Georgetown za ta kara da Boston College a gida. An gabatar da 'yan wasa, ana shirin jefa ƙwallo sama, sai Thompson ya cire tawul ɗinsa daga kafaɗa ya miƙa wa mataimakinsa, ya ratsa fili a hankali ya fice daga zauren. 'Yan kallo suka miƙe suna tafi. Wasan da ya biyo baya ma bai halarta ba. Koci ne da ƙungiyarsa ke sahun gaba a ƙasar, wanda watanni kaɗan kafin nan ya jagoranci tawagar Amurka a gasar Olamfik, don haka babu yadda za a yi a kau da kai. Cikin 'yan kwanaki shugabannin NCAA suka zauna da shi, suka amince a sake duba dokar, kuma a taron 1990 aka sassauta ta yadda irin waɗannan ɗalibai za su iya samun tallafin da ake ba marasa ƙarfi.

Ba duka baƙaƙen Amurka ne suka goyi bayansa ba, kuma bai kamata a raina hujjar waɗanda suka saɓa masa ba. Arthur Ashe, gwarzon wasan tanis, ya tsaya kai da fata cewa maki 700 ba wani tsauni ba ne, kuma cewa yaran baƙaƙe ba za su iya kai shi ba raini ne a gare su. A ganinsa, in aka ɗaga ma'auni, yara da makarantunsu za su miƙe su kai. Akwai kuma abin da ya haifar da dokar tun farko: an sha samun 'yan wasan da suka shekara huɗu a jami'a suka fito ba su iya karanta jarida ba. Thompson, da John Chaney na Jami'ar Temple da ya mara masa baya, ba su musanta wannan ba. Abin da suka ce shi ne jarrabawar ta fi auna irin makarantar da yaro ya fito da kuɗin iyayensa a kan abin da kansa zai iya ɗauka, kuma ba adalci ba ne a bar makarantun unguwannin talakawa a lalace shekara 12 sannan a tare yaro a bakin ƙofa a ce shi ne mai laifi. Na fi karkata ga Thompson, saboda dalili ɗaya: dokar 48 ta riga ta hana yaron wasa har sai ya gyara karatu, ke nan an toshe hanyar cin moriyarsa. Abin da dokar 42 ta ƙara shi ne hana shi shiga ajin da zai gyara karatun. Sai dai hujjar Thompson tana tsayawa ne kawai idan akwai irin Mary Fenlon a kan benci. Inda babu, buɗe ƙofar ba ya amfanar kowa sai koci.

A daidai wannan lokaci ne hodar iblis ta mamaye Washington, kisan kai ya haura 400 a shekarar 1989 kaɗai. Babban dilan ƙwaya na birnin, wani matashi mai suna Rayful Edmond, masoyin Georgetown ne na gaske, kuma ya fara jan wasu 'yan wasan a jiki, ciki har da Alonzo Mourning, ɗan aji ɗaya da ake ganin zai gaji Ewing. Thompson ya aika a unguwa cewa yana son ganinsa. Edmond ya zo ofishinsa, kocin ya ce masa ya fita harkar yaransa. Mutumin da gari ke tsoro ya ji maganar. Ba a daɗe ba aka kama Edmond aka yanke masa ɗaurin rai da rai, Mourning kuwa ya gama digirinsa a 1992 ya shiga NBA.

Tare da Mourning akwai Dikembe Mutombo, wanda ya zo daga Kinshasa a 1987 da tallafin karatu, da niyyar zama likita, Turancinsa ma bai nuna ba. Thompson ya jawo shi cikin ƙungiya, ya gama a 1991, ya yi suna a NBA wajen tare ƙwallo, daga baya ya gina babban asibiti a Kinshasa da sunan mahaifiyarsa, aka buɗe shi a 2007. Sai Allen Iverson, wanda aka ɗaure yana ɗan sakandare bayan wani faɗa a jihar Virginia a 1993, jami'o'in da ke rububinsa duk suka watse. Gwamnan jihar ya yi masa sassauci bayan wata huɗu, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta soke hukuncin daga baya. Mahaifiyarsa ce ta je da ƙafarta wurin Thompson ta roƙe shi ya karɓi ɗanta. Ya karɓe shi. Iverson shekara biyu kawai ya yi ya tafi NBA a 1996 a matsayin zaɓin farko, bai gama digiri ba, amma ranar da aka karrama shi a zauren gwarazan wasan a 2016, cikin kuka ya gode wa Thompson da ya ceci ransa.

Ana yawan ambaton cewa kashi 97 cikin 100 na 'yan wasansa da suka cika shekara huɗu sun sami digiri. Adadin gaskiya ne, amma bai ƙirga waɗanda suka bar makarantar a tsakiya ba, kuma suna da dama. Michael Graham, wanda ya taka rawa sosai a kofin 1984, bai sake buga wa Georgetown ba saboda matsalar karatu. Wasu na ganin wannan shaida ce ta tsayuwar kocin a kan ƙa'ida, wasu na ganin hanya ce ta tsabtace lissafi. A Olamfik ta 1988 a Seoul, Tarayyar Sobiyet ta fitar da tawagarsa a wasan kusa da na ƙarshe da 82 da 76, aka dawo da tagulla, aka kuma zarge shi da zaɓen masu tsaro ya bar gwanayen jifa daga nesa. Bai ɓoye son kuɗi ba: ya karɓi maƙudai daga kamfanin Nike har ya zama ɗan kwamitin daraktocinsa, a lokacin da yaran da ke sa takalman ba sa samun komai. A 1996 ya nemi shiga harkar injinan caca a Las Vegas, sai da jami'ar ta nuna ba ta yarda ba ya janye. Wannan na ƙarshe ban ga yadda za a kare shi ba ga mutumin da iyaye ke damƙa wa 'ya'yansu.

Ya ajiye aiki ba zato a watan Janairun 1999, a tsakiyar kaka, ya ce matsalar iyali ce. Ya bar tarihin nasara 596 da rashin nasara 239 cikin shekara 27. Ɗansa John Thompson III ya riƙe kujerar daga 2004 zuwa 2017, Patrick Ewing ya karɓa daga hannunsa. Shi kuwa ya koma sharhi a rediyo da talabijin, har ya rasu ranar 30 ga Agusta, 2020, yana da shekara 78.

Harkar da ya sani ta sauya ƙwarai bayansa. Tun 2021 'yan wasan jami'a na da damar karɓar kuɗin talla da sunansu, suna kuma sauya makaranta cikin sauƙi, abin da ya rage ikon da koci ke da shi a kan yaro, mai kyau da marar kyau. Sharaɗin makin SAT da ACT kuwa an dakatar da shi a lokacin annobar korona, da ɗalibai suka kasa zama jarrabawa. A watan Janairun 2023, shekara 34 bayan ficewarsa daga wancan zaure, NCAA ta soke shi gaba ɗaya.